Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Makarantun Jos: Ku Mayar Wa Yaranmu Filin Wasansu

Zuwa ga masu makarantun kuɗi, da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai na cikin garin Jos.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke riƙe da makarantu a garin nan, ku ma ina miƙa muku gaisuwar girma. Ranku ya daɗe, ina gajiya, yaya fama da yara? Allah Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu, domin mun san riƙon yaro ɗaya ma aiki ne, balle ɗaruruwa.

Ni uwa ce mai yara huɗu, ina zaune a Rikkos, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga ɗaki. Ina magana ne da yawun matan da muke adashi tare, daga Rikkos da Gangare da Angwan Rogo da Nasarawa da Dilimi. Yaranmu ba makaranta ɗaya suke ba. Amma ranar kwasar adashi da na kawo kukana, sai na tarar kusan kowace da irin nata, shi ya sa suka ce in rubuta, kuma in rubuta wa kowa da kowa maimakon makarantar yarana kaɗai.

Abin da ya tayar da maganar shi ne takardar da aka ba yara su kawo mana a farkon zangon nan. An sanar da mu cewa filin da ke bayan azuzuwa za a gina shi, a yi ƙarin azuzuwa da shaguna ta bakin titi. Darasin wasa na ranar Laraba an mayar da shi ƙarin lesin lissafi. Aikin gida kuma daga yanzu ta WhatsApp za a riƙa turo shi, don haka ana son kowane yaro daga aji huɗu ya samu wayar da zai riƙa amfani da ita. Ba a kira taro ba, ba a nemi shawararmu ba. Wata a cikinmu ta ce makarantar 'ya'yanta tun da aka buɗe ta ba ta taɓa mallakar fili ba, gidan haya ne aka yanka ɗakunansa. Wata ta ce a tasu, hutun tara ma a cikin aji ake yin sa.

Ba na jahiltar halin da kuke ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin haya da albashin malamai da kuɗin littattafai. Kuma mu iyaye ne muke matsa muku lamba kan sakamako, mu ne muke cire yaro daga makaranta idan bai ci jarrabawar shiga sakandare ba. Na kuma san tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake rubuta ta, ba wanda yake son ɗansa ya je gaban kwamfuta yana rawar hannu. Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce jikin yaro ne zai biya kuɗin.

Ku ba ni dama in lissafa muku yinin babban ɗana, mai shekara 11. Ƙarfe 6:45 mai keke yake ɗaukarsa a ƙofar gida ya ajiye shi a ƙofar makaranta. Yana kan benci har ƙarfe 2, lesin ya riƙe shi zuwa 3:30. Ya dawo a keke, ya ci abinci a gaggauce, ya sauya kaya, ya tafi Islamiyya ya zauna kan tabarma har gab da magariba. Bayan sallah sai aikin gida, wanda yanzu a waya yake. Kowa kuma ya san abin da ke faruwa idan aka miƙa wa yaro waya: aikin minti 20 ne, amma daga can sai YouTube, sai TikTok, sai wasan mota, har sai uwa ta ƙwace da faɗa wajen ƙarfe 10. Ku duba yinin nan da kyau ku nuna mini inda yaron nan ya yi gudu har ya yi gumi. Wuri ɗaya ne tak, filin makaranta, kuma shi ne kuke shirin zuba wa bulo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a 2020 cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai ɗaga numfashinsa, zuciyarsa ta buga da sauri, tare da rage zama, musamman zaman kallo. Shekara guda kafin nan, binciken da hukumar ta jagoranta a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin 100 na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun wannan awa ɗayar. Mu da muka taso a Jos ba mu taɓa zaton wannan lissafi zai haɗa da 'ya'yanmu ba. Da ƙafa muke zuwa makaranta, mu ɗebo ruwa, mu kai niƙa, da yamma mu yi gaɗa da carafke da 'yar gala-gala, maza su yi langa da ƙwallo har sai an kira magariba.

Wani zai ce to su yi wasan a unguwa mana. Wace unguwar? Ku ma a garin nan kuke zaune. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, gari ya rabu, akwai filayen da iyayenmu suka yi wasa a cikinsu da yau uwa ba za ta bar ɗanta ya doshi wajen ba. Filayen cikin unguwa an yanka su fuloti-fuloti an sayar. Lunguna sun cika da kwata da kekuna masu gudu. Bayan gari kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari suna nan, kuma sun ci yara ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ga tsoron masu satar yara. Uwa tana ganin ɗanta a ƙuryar ɗaki da waya a hannu sai hankalinta ya kwanta, ta ce ai gara haka. Ni ma haka na riƙa cewa, shekara da shekaru.

Abin da ya sauya mini tunani a gidana ya faru. Maigidana yana da shagon kayan waya a wajen Terminus. Yana saurayi ɗan ƙwallo ne, har yanzu abokansa da sunan wasa suke kiransa. Amma shekara 15 ke nan yana kan kujera ɗaya daga safe zuwa yamma, ya dawo gida ya ci tuwo, ya kishingiɗa da waya, ranar da ake wasan Turai kuma ya tafi gidan kallo ya ƙara zaman awa biyu. Teɓa ta fito, muka ce hutu ne da rufin asiri. Yana yawan kukan ciwon ƙeya, muka ce gajiya ce. Wata asuba a cikin sanyin Disamba ya tashi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Yana da shekara 46. A asibiti aka tarar jininsa ya hau ƙwarai, aka kuma gano yana da ciwon suga da bai san da shi ba. Allah Ya taƙaita, ya tashi, amma har yau yana jan ƙafar hagu, kuma kuɗin maganin da muke saye duk wata ya kusa kuɗin makarantar yaro ɗaya.

A zaman jinyar nan na koyi abin da ya kamata a ce na sani tun tuni. Naman jikin mutum, musamman na cinya da ƙafafu, shi ne yake zuƙe sukarin da ke cikin jini idan yana aiki. Idan mutum ya yini a zaune, sukari da maiƙo suna daɗewa suna yawo a jini, jiki ya riƙa ƙara fitar da sinadarin insulin don ya tura su, har a kai lokacin da jiki zai daina jin maganar insulin ɗin. Daga nan ciwon suga yake somawa. Kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na ko'ina haɗari. Jijiyoyin jini su yi tauri, su ƙuntata, zuciya ta riƙa bugawa da wahala. Hawan jini kuma, wato awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, yawanci ba ya ciwo, shi ya sa mutum zai yi shekaru da shi bai sani ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da likita ya bayyana mini cewa wannan lalacewar ba a shekara 40 take farawa ba. Tun ƙuruciya take somawa a hankali, kuma yaron da ya taso da ƙiba ko jininsa yana ɗan sama, galibi da abinsa yake girma.

Ina jin haka sai na tuna wuyan ɗana. Ya fi shekara bayan wuyansa ya yi baƙi, ya yi kauri kamar datti. Na dirje shi da soso, na sauya sabulu, na yi masa faɗan ƙazanta har ya yi kuka. Da na kai shi aka duba, ma'aikaciyar jinya ta ce ba datti ba ne, irin wannan baƙin yakan zama alamar jiki ya fara ƙin jin insulin. Aka auna, Allah Ya sa sugansa bai kai na ciwo ba, amma nauyinsa ya wuce na shekarunsa. Magani ɗaya aka rubuta masa: ya yi wasa, a rage zaƙi, a rage waya, ya riƙa barci da wuri. Ranar ban iya cin abinci ba saboda tuna faɗan da na yi masa. Na dawo gida da wannan umarni a hannu, bayan mako biyu takardarku ta iso.

Batun tura aikin gida ta waya ya fi yadda kuke ɗaukarsa. Kafin wannan tsari ina da ikon cewa ba za a taɓa waya ba sai Asabar. Yanzu yaro yana da hujja, kuma hujjar daga malaminsa ta fito. Wasu malaman sai ƙarfe 8 na dare suke turo aikin, wasu ma bayan haka. Yaro ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan sakandare 8 zuwa 10, amma wanda ya rabu da waya ƙarfe 10:30 zai tashi asuba, ina zai samu? Rashin barci yana ƙara wa yaro kwaɗayin zaƙi, yana sa shi kasala, washegari ku ce ba ya mayar da hankali a aji. Ga kuɗin data, ga gidajen da waya ɗaya ce tak, uba ya fita da ita kasuwa.

Sai ƙananan azuzuwa. Autata tana da shekara 3, kuma ta fi ni sanin sunayen 'yan kartun. Da na bincika sai na gane ana kunna musu talabijin don su yi shiru. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, kuma yana buƙatar motsi da wasa na awa 3. Idan ta cinye awarta a makaranta, ta dawo ta tarar da yayyenta suna kallo, lissafi ya riga ya ɓaci.

'Ya'ya mata su ne suka fi cutuwa, kuma ba a maganarsu. A binciken da na ambata, kashi 85 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza 78. A wajenmu da zarar yarinya ta fara girma shi ke nan, an rufe mata babin gudu da tsalle. Ko a makarantun da ke da fili, maza ne suke mamaye shi da ƙwallo, mata suna gindin bishiya. Alhali ita ce za ta yi ciki ta haihu, kuma hawan jini da suga a lokacin goyon ciki mun ga yadda suke yi wa mata a garin nan. Kunya da sutura ba su hana motsa jiki ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Malamanmu na Islamiyya ku kuka koya mana wannan, ku kuka kuma koya mana cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni.

Shagon makaranta ma sai an duba shi. Lemun kwalba da biskit da alewa da cincin ne suka cika shi. Babban mutum ma an ce kada sukarin da yake sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kuma robar lemo guda tana iya cinye mafi yawan wannan kason. Gwamnatin tarayya da kanta ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. A garin da motoci suke lodin karas da kabeji da kokwamba a Farin Gada suna kaiwa har kudu, bai kamata a ce abin da ɗan Jos zai samu a tara shi ne ruwan sukari mai kala ba.

Ba zan ɗora muku laifi duka ba, domin babban kaso namu ne. Ni kaina kasuwata a waya take, ina ɗora hoton atamfa ina amsa masu saye tun safe har dare, yarana kuma suna gani. Da wane baki zan ce wa yaro ya ajiye waya, tawa tana hannuna? An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to idan barewar ce ta kwanta fa? Babba ana so ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki, wato ko da tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Da na tambayi matan adashinmu, ba mu samu mutum uku da ke yin haka ba, masu shan maganin hawan jini kuwa sun fi haka yawa. Shi ya sa roƙon da za mu yi ya haɗa da mu.

Ga abin da muke nema, ranku ya daɗe.

A dakatar da gina filayen wasa. Inda aka riga aka sa harsashi, a zauna da iyaye a duba ko za a iya hawa sama maimakon cinye ƙasa. Makarantar da ba ta da fili ta ƙulla yarjejeniya da maƙwabciyarta mai fili, ko ku haɗu ku nemi izinin kai yara filin Polo ko filin wasa na Rwang Pam ko da sau ɗaya a mako. Idan makarantar Musulmi da ta Kirista suka raba fili ɗaya, yaran da aka haifa bayan rabuwar unguwanni za su san juna a kan ƙwallo, kuma garin nan yana buƙatar hakan. Jos ce ta haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Ogenyi Onazi da Moses Simon, nan ne gidan Mighty Jets, Plateau United ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2017. Allah Ya ɗora mu a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Ya ba mu sanyin da yaro zai yi gudu da tsakar rana bai galabaita ba, abin da yaron Sakkwato ko Maiduguri ba ya samu a watan Afrilu.

A mayar da darasin wasa, kuma a yi shi a fili. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa ya koma rubutu a allo, yaro ya haddace faɗin filin ƙwallo bai taɓa gudu a cikinsa ba. Tara ta zama minti 30 cikakku a waje, kuma a daina hana yaro fita tara da sunan horo. Idan lokaci ne matsala, a rage daga lesin. Yaron da ya yi gudu ya dawo ya fi fahimtar lissafi a kan wanda ya yi awa bakwai yana gyangyaɗi, malamanku za su ba ku shaida.

Aikin gida ya koma littafi. WhatsApp ya tsaya tsakanin malami da iyaye, kuma kada a turo komai bayan magariba. Kwamfuta a koyar da ita a makaranta, a lokacinta, a gaban malami. A kashe talabijin a azuzuwan ƙanana.

A ware wa 'yan mata lokacinsu da malama mace, cikin suturarsu, a inda ba idon maza. Igiyar tsalle da ƙwallon hannu da gaɗa ba su da tsada. Islamiyyu kuma, minti 15 tsakanin hadda da sauran darussa, yara su miƙe su zagaya, ba zai rage albarkar karatu ba. A shagon makaranta a kawo ayaba da lemun zaƙi da gyaɗa da dafaffen ƙwai da ruwa, lemun kwalba ya fita.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi mana muhimmanci mu mata. Ku buɗe mana filayenku ranar Asabar da safe, kafin a fara Islamiyya, awa ɗaya ga iyaye mata da 'ya'yansu, ƙofa a rufe. Yawancinmu ba za mu iya fita titi muna sassarfa ba, mazajenmu ba za su yarda ba, mu ma ba za mu sake ba. Amma makarantar 'ya'yanmu wuri ne da kowane maigida ya amince da shi. Iyaye maza su samu Lahadi ko yammacin Juma'a. Ranar karɓar sakamako kuma a gayyato ma'aikatan lafiya daga cikin iyayen yara su auna mana jini da suga. Akwai ranar hawan jini ta duniya 17 ga Mayu, ta zuciya 29 ga Satumba, ta ciwon suga 14 ga Nuwamba, kowace makaranta za ta iya zaɓar ɗaya. Da an taɓa ɗaura wa maigidana abin awon nan a irin wannan taro shekara biyar da suka wuce, wataƙila da yau ba ya jan ƙafa.

Mu ma mun ɗauki alkawari a tsakaninmu, kuma mun fara. Ba waya a kan tabarmar cin abinci. Bayan isha'i wayoyin gida duka, har tawa da ta maigida, a kwando ɗaya suke kwana a falo. Islamiyyar da ba ta da nisa, yara su tafi da ƙafa a ayari, uwa ɗaya tana rakiya, muna karɓa-karɓa. Maigidana yana zagaya layinmu da sandarsa bayan la'asar, ranar da ba makaranta babban ɗansa yana gefensa. Mun rage gishiri da dunƙulen miya, mun dawo da gwate da acca.

Muna roƙon a sa wannan magana a ajandar taron iyaye da malamai na zangon nan a kowace makaranta, kuma a sanar da ranar da wuri. Za mu zo, kuma duk makarantar da ta ce kuɗin ƙwallo da igiya ne ya hana ta, mun yarda mu cire daga adashinmu mu saya.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙuri, Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da Filato lafiya.

Wassalam.

Taku,
Uwar yara huɗu, a madadin matan adashinmu,
Rikkos, Jos.